Yadda ake ɗaukar ganyen tumatir don auna maikro-RNA mai kula da kalsiyam

Tsiro ba shi da jijiyoyin kai saƙo irin na dabba, amma yana aika saƙo, kuma kalsiyam ne ɗan aikensa. A ruwan cikin ƙwayar halitta kalsiyam ɗan kaɗan ne, wajen nanomola 100, a waje kuwa ya ninka haka kusan sau dubu goma. Da zarar zafi, ƙishirwa ko rauni ya taɓa ganye sai ƙofofi su buɗe ya kwararo ciki, daga baya famfuna su kwashe shi. Ɗaya daga cikin famfunan a tumatir shi ne ACA10, kuma a 2011 aka nuna cewa miR4376, wani maikro-RNA (guntun RNA mai hana a ƙera wani furotin) mai harufan gado 22, yana datse saƙon da ake ƙera famfon da shi. Wani maikro-RNA, miR156, tsohon hannu ne, har gansakuka na da shi. miR4376 kuwa ba kowane dangin tsiro ke da shi ba, shi ya sa masu bin asalin halittu suka sa masa ido.

Ga inda gizo ke saƙar: tsinke ganyen kansa rauni ne. Cikin daƙiƙoƙi kalsiyam ya tashi, cikin minti 10 zuwa 30 ƙwayoyin gado na kalmodulin, furotin mai kama kalsiyam, sun farka. Wanda ya tsinko ganye a fadamar Jiratawa ya riƙo shi a leda har cikin garin Maraɗi, tsinkarsa zai auna, ba ƙishirwar tsiron ba.

Don haka a rubuta lamba a kan kowane bututu tun daga labo. A sa safar hannu, domin fatar mutum na ɗauke da sinadarin da ke cinye RNA. A fita da sassafe, a daidai lokaci ɗaya kullum, a ɗauki ganye mai tsufa iri ɗaya daga kowane tsiro, misali na uku daga sama, a tsiro uku aƙalla cikin kowane rukuni. Miligiram 100 ya wadatar. Daga almakashi zuwa ruwan naitrojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, kada a kai minti ɗaya.

In naitrojin bai samu ba, akwai RNAlater, ruwan da ke hana RNA lalacewa. A yayyanka ganyen ƙasa da rabin santimita, a nutsa shi cikin ruwan da ya ninka shi sau biyar, ya kwana a firigo a digiri 4, sannan a kai shi 20 ƙasa da sifiri. A digiri 37 kwana ɗaya kawai yake riƙewa, kuma zafin Afrilu a nan ya fi haka, saboda haka kula mai ƙanƙara dole ce. Samfurin da ba ya cikin RNAlater, in ya narke da yankewar kuran ya sake daskarewa, a zubar da shi kawai.

Wajen haƙo RNA, a niƙa ganyen yana daskare, a zuba TRIzol, ruwan da ke fasa ƙwayoyin halitta, mililita 1, sai kulorofom 0.2, a juya cikin injin wulwula bututu a ƙarfin 12,000 g minti 15 a digiri 4. A ɗebi ruwan sama kaɗai, kada a taɓa farin ɓawon tsakiya, nan DNA yake. A zuba isoforofanol 0.5, a sake juyawa, a wanke da etanol kashi 75.

Abu biyu ke sa ɗalibai asarar wata guda. Matatar silika ta yau da kullum tana zubar da RNA mai ƙasa da harufa 200, gishirin litiyam ma ba ya kwantar da ƙanana. RNA zai fito tsaf, ma'aunin tsafta na 260 bisa 280 ya nuna 2.0, amma abin da ake nema ya bi ruwa.

Harufa 22 sun yi wa PCR na yau da kullum, hanyar ninka kwafin DNA don a iya aunawa, gajarta, sai an fara tsawaita su da firaima, wato guntun DNA, mai lanƙwasa. A auna miR4376 da ACA10 daga samfuri ɗaya, a daidaita na farkon da U6, ƙaramin RNA da ake ɗauka a matsayin ma'auni. In ɗaya ya hau ɗayan ya sauka, alama ce kawai. Tabbacin yanka sai an gano gurbin datsewar, daura da tsakanin harafi na 10 da na 11 na maikro-RNA ɗin.