Yadda za ka gane ko damuwa ce ke hura maka ciwon jiki

Na fi shekara biyu ina fama da ciwon wuya da kafaɗa, har mai kemis ɗin layinmu ya san ni, yau diclofenac gobe ibuprofen, sai da cikina ya fara zafi kamar an zuba barkono sannan na lura ciwon nan ba ya tashi sosai sai kuɗin haya ya matso ko mun samu saɓani a gida. Kuma fa ba ƙarya jikina ke yi ba, ciwon na gaske ne. Ita kanta ƙungiyar masu nazarin ciwo ta duniya, IASP, tun 1979 ta bayyana ciwo a matsayin abin da jiki da rai ke ji tare. Idan ranka ya ɓaci jiki na sakin sinadaran adirenalin da kotisol, naman wuya da na baya su ɗaure, barci ya gagara, washegari ka tashi ciwon ya ninka.

To abu na farko ka samu ɗan littafi, irin na 'yan firamare ma ya isa. Sati biyu kullum da daddare ka ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, a gefe ka rubuta abin da ya faru ranar, wa ya ɓata maka rai, awa nawa ka yi barci. Kar ka yi wa kanka wayo, rubuta gaskiya ko da surukarka ce ta kira. Ni nawa littafin duk ranar da na rubuta 8 sai na ga maganar kuɗi a gefenta, wallahi har dariya abin ya ba ni.

Da ka ji ya fara tasowa, zauna ka sauke kafaɗunka, yawancinmu muna ɗage su har kusa da kunne ba mu sani ba. Ja numfashi ta hanci a hankali, ka fitar da shi ya fi shigarsa tsawo, kamar minti biyar. Sa tsumma mai ɗumi a wurin ko ka murza shi. Ka san yadda in ka buge ƙafa da kujera hannunka ke zuwa ya mulmula wurin da kansa? Wasu masana kimiyya biyu, Melzack da Wall, sun yi bayanin hakan a 1965, taɓawar na rage saƙon ciwon da ke wucewa ta lakar baya zuwa ƙwaƙwalwa. Sannan kar ka kwanta wuni guda, ɗan tattaki bayan la'asar ya fi maka.

Idan ciwo ya wuce wata uku je asibiti da littafin naka, kuma dan Allah faɗa wa likita damuwarka, kar ka tsaya kan "baya ne ke ciwo likita". In ya rubuta maka amitriptyline kar ka ce ya mayar da kai mahaukaci, maganin damuwa ne amma ana ba da shi don ciwon jijiyoyi ma. Tiramol kuwa ba tare da takardar likita ba, ka dai ga yadda ya yi da matasanmu.

Amma ciwon ƙirji da ke sauka hannun hagu, ko ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko ɓari guda ya mutu, ko baki ya karkace, wannan ba na littafi ba ne, a nemi mota a tafi asibiti nan take.