Tsohon katin girafik ko sabo? Inda masu saye suka fi tafka kuskure

Duk wanda ya je sayen katin girafik, wato sashen kwamfuta da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo, tambayar da ke fara fita daga bakinsa ita ce: "Giga nawa ne?" Mai shago ma ya san haka, shi ya sa yake ɗaga kwalin ya nuna maka lambar. A nan aka fi cutuwa. Giga wurin ajiya ne kawai, kamar faɗin rumbu. Rumbu bai noma hatsi. Akwai GT 730 mai giga 4 wanda GTX 1050 mai giga 2 zai bar shi a baya nesa ba kusa ba, domin cif ɗin da ke cikinsa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin aikin, rarrauna ne, ma'adanarsa kuma ba ta da sauri. Fara duba cif ɗin da zamaninsa tukuna, sannan ka zo kan giga.

Daga nan sai rikicin lamba. Mutane na ɗauka 3050 ya fi 2080 tunda lambarsa ta fi girma. A tsarin Nvidia, kamfanin da ke yin waɗannan katuna, lambobin farko zamani suke nunawa, biyun ƙarshe kuma matsayi. Wato 2080 babban yaya ne a gidan da ya gabata, 3050 kuma auta ne a gidan da ya biyo baya, kuma yayan ya fi shi ƙarfi sosai. Har suna ɗaya ma yana yaudara. GTX 1060 mai giga 3 ba giga kaɗai aka rage masa ba, har cif ɗinsa an datse idan aka gwada shi da mai giga 6. GT 1030 iri biyu ne, mai ma'adanar GDDR5 da mai ma'adanar DDR4, na biyun kuwa ya yi kusan rabin ƙarfin na farko. RX 580 na kamfanin AMD da aka liƙa wa 2048SP a ƙarshen sunansa ya fi kusa da RX 570. Maganin wannan shi ne ka sa a jona katin a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z, ka karanta abin da ke ciki da idonka.

Gardamar da na fi jin ana yi ita ce ta GTX 1080 Ti da RTX 4060, kuma ita ce ta fi koyar da darasi. Na farkon ya fito a 2017 a kan dala 699, da giga 11. Na biyun ya fito a 2023 a kan dala 299, da giga 8. A takarda tsohon ya fi kwarjini, kuma gaskiya ne a tsofaffin wasanni suna kusa da juna, duk da sabon yakan ɗan sha gaba. Masu son tsohon suna tsayawa a nan su ce ai tsohuwar zuma ce. Amma ba su lissafa wuta ba. 1080 Ti yana jan wat 250 idan ya ɗauki aiki, 4060 kuma wat 115. Bambancin wat 135 ke nan. Idan kana aiki awa 6 kullum, ya kai wajen yunit 24 a wata. Ga wanda ke kan mita, kuɗi ne. Ga mai sola, batir ne da zai kwanta tun dare bai raba ba. Ga mai ƙaramin janareto, ka san yadda yake kuka idan nauyi ya hau shi. Sannan duk wat ɗin nan zafi yake komawa a cikin ɗaki, a watan Afrilu, lokacin da fanka kanta iska mai zafi take hurawa. Ni a ganina, mai zama a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya kamata ya duba wat kafin ya duba gudu.

Akwai kuma abin da tsohon ba zai iya ba komai ƙarfinsa. Katunan GTX ba su da sashen da aka keɓe domin lissafin haske da inuwa wanda ya zo da RTX a 2018, ba su kuma da DLSS, fasahar da ke ƙara wa wasa gudu ta hanyar faɗaɗa hoto da ƙirƙirarriyar basira. Da can ado ne kawai, yanzu kuwa wasu wasanni, irin su Doom: The Dark Ages na 2025, ba sa tashi sam idan babu wannan sashe. Nvidia ma ta daina fitar wa jerin GTX 10 sababbin direbobin wasanni, wato manhajar da ke tafiyar da katin, sai gyaran tsaro kaɗai. Mai tace bidiyo shi ma ya lura: 4060 yana iya fitar da bidiyo a tsarin AV1, tsohon ko buɗe shi da kansa ba ya iyawa.

Kada kuma a ɗauka sabo kullum shi ne gwani. RTX 3060 na 2021 yana da giga 12, magajinsa 4060 yana da 8. Mai aikin da ke cin ma'adana, kamar zanen gini mai nauyi ko gudanar da ƙirƙirarriyar basira a kwamfutarsa, zai iya jin daɗin tsohon fiye da sabon. Sai dai ka tabbata mai 12 ɗin ne, don akwai 3060 mai giga 8 da aka fito da shi daga baya, kuma bai kai ɗan'uwansa ba.

Wani kuskuren shi ne sayen kati ba tare da an leƙa cikin kwamfutar da za a sa shi ba. Yawancin kwamfutocin ofis na hannu da ake kawowa siraran akwatuna ne, fawa fak ɗinsu, wato akwatin da ke ba su wuta, ƙarami ne, ba shi da wayar da babban kati ke buƙata. Na taɓa ganin yaro ya tara kuɗin shekara ya sayi kati, ya zo gida akwatin ya ƙi rufuwa. Irin waɗannan injuna sai gajeren kati mai shan wuta daga ramin da aka soka shi kaɗai, wanda bai wuce wat 75 ba, kamar wasu GTX 1650. Haka kuma haɗa sabon kati da tsohon furosesa, wato babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamar ɗaura wa doki amalanke ne.

Katin hannu kuwa, tambayi tarihinsa. Da yawa daga cikin RX 580 da ke yawo sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana, har zuwa Satumban 2022 da Ethereum, ɗaya daga cikin manyan kuɗaɗen kirifto, ta daina amfani da haƙa, aka zubo su kasuwa. Ba duka ne suka lalace ba, amma kada ka yarda da gwajin minti biyu. A kunna masa aiki mai nauyi na rabin awa, ka sa ido kan zafinsa, ka saurari fankokin, ka duba ko ɗigo-ɗigo ko layuka na fitowa a allo. Idan ka saya, a buɗe shi a share ƙura, a sake masa man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya, don na shekara bakwai ya riga ya bushe ya zama kamar alli. Da hunturu ya wuce kuma a sake hure shi.