Yadda Ake Gano Abin Da Ya Kunna Fitilar ABS A Tsohuwar Mota

Yawancin motocin da ke shigo mana Garwa da Marwa ta tashar jiragen ruwa ta Duwala sun riga sun sha hanya a Turai, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga fitilar ABS mai ruwan ɗorawa ta kama a allon gaban direba ta ƙi mutuwa. Aikin ABS shi ne hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi. In fitilar ta zauna a kunne, birki na nan yana aiki, amma wannan kariyar ta tsaya.

Da farko a murɗa makulli a lura da fitilar. A mota mai lafiya takan kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, a yi zargin ƙwan ya ƙone ko an cire shi, kuma abin takaici wasu masu sayar da mota suna yin haka don ɓoye matsala. Idan kuwa jar fitilar birki ta kama tare da ita alhali an sauke birkin hannu, kada a hau titi sai an duba man birki an tabbatar yana tsakanin alamar MIN da MAX, kuma ba ya yoyo.

Daga nan a duba fiyus ɗin ABS, a kuma auna batir, wanda ya kamata ya nuna kusan volt 12.6 in injin na kashe.

Mafi yawan matsalar tana wajen tayoyi, kuma nan ya kamata a ba lokaci. Kusa da kowace taya akwai sensa da ke ƙirga juyawarta ta hanyar wani zobe mai haƙora. Ƙurar hunturu, taɓon damina da ramukan hanyar Mora zuwa Kuseri duk suna cin wannan wuri. A ɗaga motar, a tokare ta da abu mai ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai, sannan a girgiza tayar kafin a kwance ta, domin boris, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, in ya yi wasa yana ɓata tazarar da ke tsakanin sensa da zoben. Bayan an kwance, a bi wayar sensa da hannu har zuwa mahaɗinta, ana neman inda ta goge ko ta tsinke, a share ɓarɓashin ƙarfen da ya manne a kan sensar, a duba ko zoben ya tsage ko ya rasa haƙori. Lokacin da fitilar ke kamawa yana nuna inda matsalar take: in ta mutu sai mota ta fara tafiya ta dawo, a fi zargin datti, zobe ko boris, in tun murɗa makulli ta ƙi mutuwa, a fi zargin waya ko fiyus. Tsohuwar sensa mai waya biyu ana iya auna ta da mitar lantarki a kwatanta da ta ɗaya gefen, kuma wadda ta bambanta sosai ita ce abin zargi.

Idan ido bai gano komai ba, sai a karanta lambar matsala da kwamfutar motar ta ajiye. Ƙananan na'urorin OBD masu araha, waɗanda ake jona wa mota don karanta wannan lamba, galibi na injin kawai suke karantawa, don haka a nemi makaniken da tasa ke shiga ɓangaren ABS. A tsofaffin Toyota na shekarun 1990 ana haɗa ramukan da aka rubuta wa Tc da E1 a akwatin gwaji da guntuwar waya, fitilar ta riƙa ƙiftawa, ƙirgen ƙiftawar kuma shi ne lambar: 31 na nufin tayar gaba ta dama, 32 gaba ta hagu, 33 baya ta dama, 34 baya ta hagu.

A ganina, kada mai mota ya yarda a canza famfon ABS, wanda ya fi komai tsada a wannan tsari, sai an kammala duk waɗannan gwaje-gwaje. Bayan gyara a goge lambar, a tuƙa motar a fili marar cunkoso, a tabbatar fitilar ba ta dawo ba.