Yadda mai sana'ar gyaran gida zai sami takardar shaidar gwamnati a Legas

Birkila, kafinta, mai aikin famfo ko mai wayarin da ke zaune a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ya san cewa manyan 'yan kwangila sukan nemi takarda kafin su ba da aiki. Wadda aka fi sani ita ce Trade Test, wato takardar gwajin ƙwarewar sana'a, ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Matakinta uku ne: ana farawa daga na 3, sai na 2, na 1 shi ne ƙololuwa.

Ka je ofishin ma'aikatar da ƙafarka, riƙe da lambar NIN, hotunan fasfo da takardar yaye daga maigidan da ya koya maka. Kuɗin gwajin kuma ta Remita, wato kafar biyan kuɗi ta intanet ko banki, ake biya zuwa asusun gwamnati. Duk wanda ya ce ka miƙo kuɗi a hannu zai kawo maka takarda ba gwaji, ta bogi zai kawo.

Wani abin da kan kayar da mutane a gwajin shi ne awo. Hannu ya iya aiki, amma karanta tef da zanen gini ya gagara, don haka ka zauna ka koyi milimita sosai. Ka kuma duba sunanka: in NIN ta ce Muhammad, takardar yaye ta ce Mamman, gyaran yana cin lokaci.

Mai wayarin yana buƙatar ƙarin shaida daga NEMSA, hukumar da ke tantance masu haɗa wutar lantarki. Wannan kam bai kamata a yi wasa da ita ba, domin waya mara kyau gobara take jawowa.