Yadda ake taimaka wa hanta ta sauke kitsen da ya taru mata

Da an ce wa mutum sikanin ya nuna kitse a hanta sai ka ga ya yi sallama da tsire da man shanu, amma lemun kwalba na nan a hannu, shayin safe cokali huɗu na sikari. An bar jaki ana dukan taiki kenan.

Ka fara gane aikin tukuna. Hanta da kanta take haɗa kitse, akwai wasu furotin biyu a cikinta, SREBP-1c da ChREBP, na farko insulin ke tada shi na biyu kuma sikari, da sun farka sai su kunna injin mai da sikari kitse. Su kuma ApoB-100 da MTP 'yan lodi ne, su ke ɗaure kitsen a wani ƙunshi mai suna VLDL su tura shi cikin jini. In lodi ya yi jinkiri kaya na ta shigowa har ya wuce kashi 5 cikin 100 na hantar, to shi ne kitsen hantan.

Saboda haka fara da zaƙi. Lemun kwalba, zobo da kunun aya da aka zabga wa sikari, a rage su sosai.

Sai kolin, wani sinadarin gina jiki da ake samu a abinci, wanda kusan ba mai maganarsa. Da shi ake yin fosfatidilkolin, maiƙon da ya fi yawa a fatar da ta lulluɓe ƙwayoyin halitta, kuma shi ne dai ledar da ake ƙunshe VLDL ɗin, babu leda babu fitar da kaya. Hanta na iya haɗa kaɗan da wani furotin PEMT, estirojin, sinadarin da ya fi yawa a jikin mata, ke ƙara masa ƙarfi shi ya sa mata masu al'ada suka fi jure ƙarancin kolin, amma bai isa ba sai an ci. Ma'aunin Amurka miligiram 550 ne a rana ga namiji, mace 425. Ƙwai ɗaya na da kusan 147 kuma a gwaiduwa yake, masu yar da gwaiduwa su ci farin kawai ku ji. Akwai kolin kuma a hantar shanu da waken suya, sai dai mai ciki kar ta yawaita hanta saboda bitamin A ɗinta ya yi yawa.

Kifi taitus ko sadin sau biyu a sati, man da ke jikinsa mai suna omega-3 na shiga fatar ƙwayoyin nan kuma yana kwantar da SREBP-1c.

Nauyi kuma a sauke kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a hankali, mai kilo 90 ya nemi rage 6 zuwa 9, da tafiya mai sauri minti 150 a sati.

Kafin duk wannan je ka yi gwajin ALT, wato gwajin jini da ke nuna ko hanta ta taɓu, da na ciwon hanta nau'in B, don a wajenmu ciwon yana da yawa kuma shiru yake yi. Jarkar "wankin hanta" da ake talla da lasifika a kasuwa kuwa, don Allah bar ta a inda ka gan ta.