Yadda Za Ka Ceto Abin da Ke Cikin Tsohuwar Wayarka

Mutane da yawa suna da tsohuwar waya mai madannai a ƙasan akwati, wadda aka daina amfani da ita tun da wayoyi masu shafawa suka shigo, kuma a cikinta akwai lambobin mutanen da aka rabu da su da saƙonnin wasu da suka riga mu gidan gaskiya. Ceto waɗannan abubuwa yana yiwuwa, amma sai an bi aikin daki-daki, domin kuskure guda yana iya shafe abin da ba zai sake dawowa ba.

Ka fara da batir. Ka buɗe bayan wayar ka ciro shi ka duba, idan ya kumbura ko ya yi tsatsa a bakinsa, kada ka kuskura ka sa shi a caji, saboda batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Sai ka karanta lambar da ke jikinsa ka nemi irinsa. Wayoyin Nokia da dama, har da 1100 da ta fito a 2003, suna amfani da batir mai lamba BL-5C, wanda har yanzu ba ya wuyar samu. Cajar Nokia ta da kuwa iri biyu ce, mai kaurin baki da mai siririn baki, don haka ka tabbatar da wadda ta dace. Batirin da ya shekara goma a kwance yakan ɗauki lokaci kafin ya nuna alamar rai, saboda haka kada ka yanke ƙauna a minti biyar na farko.

Wasu tsofaffin wayoyi ba sa buɗewa sai da layi a ciki. Kowane layi zai iya wadatarwa, ko da ya daina aiki, amma ainihin tsohon layinka ya fi muhimmanci, domin waya irin Nokia 3310 ta shekarar 2000 a kan layin take ajiye lambobi, kuma layi yakan ɗauki har lamba 250 tare da 'yan saƙonni kaɗan. Ko kamfani ya rufe layin, abin da aka rubuta a kansa yana nan. Ba ka kuma bukatar sabis, don haka ko a ƙasashen da suka kashe 2G, wato tsohon sabis ɗin da irin waɗannan wayoyi suke aiki da shi, kamar Singafo da ta yi hakan a 2017, wayar za ta nuna maka abin da ke cikinta.

A nan ne ya kamata ka fi yin hattara. Idan layin ya nemi PIN, dama uku kawai gare ka, daga nan sai ya nemi PUK, wato lambar buɗe layin da ya kulle, kuma idan ka yi kuskure sau goma a PUK, layin ya mutu ke nan da duk abin da ke kansa. Kada ka yi ta canke. Idan kuwa wayar ce da kanta ta nemi lambar sirri, Nokia takan fito daga kamfani da 12345, kuma mutane da yawa ba su taɓa canza ta ba. Ka guji duk wata lamba da wani zai ce ka danna don a buɗe wayar, musamman *#7370#, wadda take share komai a wayoyin Nokia masu aiki da tsarin Symbian. Haka nan idan ka kai ta wurin mai gyara, ka faɗa masa tun farko cewa ba ka son a yi mata filashin, wato a sake ɗora mata manhajar da take aiki da ita. Ni kaina na rasa saƙonnin mahaifina ta wannan hanya: mai gyaran ya dawo mini da waya tana aiki sumul, amma babu ko harafi ɗaya a cikinta, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Hotuna da bidiyo ba su da wahala sosai. Idan akwai mimori, ka ciro shi ka sa a kwamfuta ka kwafe komai, idan babu, ka tura ta Bluetooth ɗaya bayan ɗaya. Bidiyon zamanin yawanci 3GP ne, muryar da aka naɗa kuma AMR, manhajar VLC tana buɗe su duka. Lambobi ma ana iya tura su ta Bluetooth, ko a kwafe su zuwa layi.

Saƙonnin tes su ne suka fi wuyar fitarwa, kuma a ganina su ne suka fi daraja, domin a haruffa 160 mutum yake matse gaisuwa da labari da ban haƙuri, ya gajarta kalmomi ta hanyar da shi kaɗai yake yi. Wasu wayoyin suna haɗuwa da tsohuwar manhajar Nokia PC Suite, amma hanyar da ba ta ba da kunya ita ce ka buɗe saƙo, ka ɗauki hoton fuskar wayar da sabuwar wayarka, ka gangara ƙasa ka ɗauki sunan mai aikowa da ranar da ya aiko. Aiki ne mai cin lokaci, amma ka yi shi a zama ɗaya idan da hali, tun da ba ka da tabbacin wayar za ta sake kunnuwa gobe. Kada ka manta da akwatin saƙonnin da kai ka aika, domin rabin zancen yana can.

Bayan ka gama, ka ajiye abin da ka kwafa a wuri biyu daban-daban. Wayar kuma ka cire mata batir kafin ka mayar da ita ma'ajiya, ka naɗe layin a takarda ka rubuta lambarsa a kai, ka sa su a inda danshi ba ya kaiwa.