Kurakuran da ke jawo tsatsa a ƙarƙashin mota a nan Damagaram

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka tunda garinmu busasshe ne, tsatsa sai motocin Kwatano da Lome da ke bakin teku. Wallahi ba haka ba ne. Motocin okaziyon da ake kawo mana daga Turai ai yawancinsu da cutarsu suke zuwa, don can gishiri suke watsawa kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan ya shige shasi ya zauna, kai kuma ka ga fenti na ƙyalli ka biya kuɗi ba ka leƙa ƙasa ba. Kafin ka saya a hau da ita kan rami, a ɗauki turnabis a dinga caccakar ƙarfen, inda ya lotsa ko ya zubo gari to ka san abin da ke nan.

Sai maganar lawaji, wato wankin mota. Mun san ruwa tsada gare shi a garin nan, yaro ya wanke sama da bokiti biyu ya goge taya shi ke nan. Amma laka da ta manne a bayan taya da cikin lungun shasi bayan ka dawo daga Mirriya ko Matamaye da damina, waje ya bushe ciki kuma jiƙe yake, kwana da kwanaki tana cin ƙarfe a ɓoye. A sa ruwa mai ƙarfi a wanke ƙasan, a zura waya a buɗe ƴan ramukan da ke gindin ƙofa da shasi don ta nan ruwa ke fita, rairayi ne ke toshe su. Masu ɗaukar kanwa da gishiri, da masu lodin awaki da tumaki ranar Alhamis a kasuwar Dole, ku naku ya fi na kowa, fitsarin dabba da kanwa ba sa jiran damina, a wanke bayan motar ran da aka sauke kaya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne shafa baƙin man bidanji, wato tsohon man inji da aka juye, a ƙasan mota wai maganin tsatsa. Man nan yana kama rairayi ya zama dambu, yana kumbura robobi, in ya taɓa birki kuma sai Allah ya kiyaye. Haka fesa kwalta ko baƙin fenti kan tsatsa, rufe ta kawai ka yi tana ci gaba da aikinta daga ciki. A kankare da burushin ƙarfe har a ga farin ƙarfe, a bari ya bushe sosai, a shafa antiruy, wato fentin hana tsatsa, sannan fenti. Da rani ko lokacin hunturu ake wannan aiki, ba tsakiyar Agusta ba.

Bulon kuma, don Allah maigida ka tsaya kan makaniki in yana ɗaurawa. Kan bulon akwai lamba, 8.8 ko 10.9, ƙarfinsa ke nan, kar a cire 10.9 a ƙafar mota a maye da wanda aka tsinto a gwangwani ba lamba. Wanda ya cije kar a hau shi da ƙarfi kansa ya gutsure, a fesa WD-40, man feshin nan na gwangwani, a ba shi lokaci, amma ka sani WD-40 na kwancewa ne, ba ya daɗewa a jiki, girisi ake shafa wa zaren in za a mayar. Na salansa girisin da aka haɗa da jan ƙarfe yake so saboda zafi. Na taya kuwa a goge su kawai a ɗaure a bushe, in ka sa musu girisi ɗaurin yana wuce ƙa'ida.

Ka ɗaga batir ma ka duba mazauninsa, ruwan batir na cinye wurin, kuma ka bi siraran bututun man birki da ido daga gaba har baya, wanda ya yi ƙuraje a canza shi, ba a yi masa fenti.